Garin Kunun da Kika Bari a Bayan Ƙofa

Tungan Maje,
Abuja.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka Abaji lafiya, ke da maigidanki Malam Bashir da jikata Safiyya. Allah Ya sa kun shiga sabon gida a sa'a, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta, Ya haɗa ku da maƙwabta nagari. Amin.

Ki gafarce ni da na ɗora miki karatun doguwar takarda a lokacin da ko kayanki ba ki gama kwancewa ba. Na san za ki ce me ya hana Baba ya kira a waya. Na gwada. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata kike ɗauke da shi, don haka tun kina ƙarama ban saba zama in yi doguwar magana da ke ido da ido ba. A waya kuwa da na ji muryarki sai in tsaya a gaisuwa, in tambayi ruwa da wuta, in kashe. Takarda ba ta katse ni, ba ta ce mini "Baba, kada ka damu." Saboda haka ki daure ki karanta har ƙarshe, ko da a zama biyu ne.

Ga abin da ya tayar mini da hankali. Ranar da kuka tashi, bayan motarku ta fita layi, mahaifiyarku ta shiga ɗakin da kika kwana don ta share, sai ta tarar da ƙullin garin kunun da ta haɗa wa Safiyya a bayan ƙofa. Ta fito da shi, ta ajiye a gabana. Na ce ai mantuwa ce irin ta mai tafiya. Sai ta ce:

"Ba mantuwa ba ce, Malam. Da hannuna na miƙa mata. Ce mini ta yi, 'Mama, abin da ba a rubuta a jikinsa ba, ba a san abin da ke cikinsa ba.' Ka san mai wannan maganar?"

Na san mai ita. Ni ne. Kuma ni da kaina na taya direba ɗaga katan biyu zuwa bayan mota a safiyar nan: ɗaya na gwangwanayen kastad, ɗaya na farin garin nan na leda da ake zubawa a shayi. Na ji kina gaya wa mahaifiyarku cewa idan kin fara koyarwa a makarantar da aka tura ki, maƙwabciya ce za ta riƙe Safiyya daga safe zuwa azahar, kuma wannan za a riƙa dama mata. Na ji, na ɗaga katan ɗin, na yi muku addu'a, ban buɗe baki ba. Tun ranar abinci bai yi mini daɗi ba.

Kin san ban yi nisa a makaranta ba. Ina firamare mahaifina ya rasu, na bar aji na shiga neman abin sawa a baki. Da na zo Abuja na sami aikin masinja a ma'aikata, daga baya aka mai da ni sito. A siton nan ake jibge ragowar ƙasidun da ake rabawa a tarurrukan bita: na rigakafi, na tsaftar ruwa, na abinci mai gina jiki. Manya su ci shinkafa, su karɓi jaka, su watse, ƙasidun su dawo hannuna a ɗaure. Ni kuwa in zauna a kan kwali in yi ta karantawa da ƙamus a gefe. Duk abin da na sani na duniya bayan karatun allo, a nan na same shi. Na ɗauki rubutun boko tamkar shaidar da aka bayar da rantsuwa. A zuciyata, mutum na iya shara ƙarya da baki, amma ba zai kai ta inji a buga masa da launi ba, alhali hukuma na kallo.

Da wannan tunani na shigo gidana, lokacin muna ɗaki ɗaya a Nyanya. Na hana daddawa saboda babu ranar lalacewa a jikinta. Na hana man gyaɗan da kakarki ta wajen uwa take aiko mana daga gida, na ce ba a san hannun da ya matse shi ba. Kuka da zogale na ƙyale su, amma kallon abincin wanda bai waye ba nake yi musu. Ke kuwa a jikin gwangwani kika koyi haɗa baƙi. Ko kina tunawa? Bayan la'asar in jera su a kan tabarma, ki sa ɗan yatsa kina bin manyan haruffa, idan kin karanto kalmar bitamin daidai in tafa miki. Maƙwabta su ce 'yar Malam likita za ta zama. Ban taɓa juya miki gwangwani ki karanta bayansa ba, domin ni ma ban cika juyawa ba. Rubutun can ƙanana ne, Turancinsa kuma mai tauri.

To ki ji abin da na gane bayan lokaci ya ƙure. Gaban kwali bakin mai sayarwa ne. A nan yake faɗin abin da yake so ki ji, da manyan haruffa, da hoton saniya da hasken rana. Bayan kwali kuwa shi ne inda doka ta tilasta masa ya jera abin da ya zuba, kuma abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. Idan kin ga sitacin masara ne a farko, sukari na biye da shi, to abin da ke hannunki sitaci ne da sukari, ko me aka zana a gaba. Ki fara da baya. Idan rubutun ya yi miki ƙanƙanta, ki fito da shi haske, kada ki ji kunyar mai kanti.

Akwai wata ƙasida da ta bayyana cewa an wajabta ƙara bitamin mai taimakon ido a man girki da sukari da fulawa, da ayodin a gishiri, ta ce a riƙa duba alamar ido a jikin kaya. Wannan gaskiya ne, alheri ne kuma, ban zo in rushe shi ba. Abin da ni na yi da gaskiyar shi ne abin kunya. Sai na mai da sukari magani. Idan mahaifiyarku ta zuba miki cokali ɗaya a koko, in ce ta ƙara, ai na ido ne. Wata rana ta ce, "Malam, in sukari na gyara ido, ai da masu sayar da rake sun fi kowa gani." Na zaunar da ita na yi mata bayani, ina haɗawa da Turanci, cewa shi rake ba a ƙara masa komai ba, har ta gaji ta ƙyale ni. Na ɗauka na yi nasara. Matauninki da aka cire kafin ki gama firamare, wannan nasarar tawa ce.

Man girkin kuma, sai in sayo mai alamar ido, in juye shi a farar kwalba, in ɗora a taga inda rana ke bugawa, don duk wanda ya shigo ya ga irin man da muke ci. Gishiri na buɗe a kwano kusa da risho, tururi na hawansa. Sai bayan shekaru, ina kwashe takardu, na ci karo da wannan ƙasidar, na buɗe shafinta na ƙarshe wanda ban taɓa kaiwa ba. A nan aka rubuta cewa hasken rana na cinye abin da aka ƙara wa man, danshi da zafi kuma na korar na gishirin. Ashe shekara da shekaru alamar kawai muke ci.

Don haka ki sayi gishiri mai ayodin, ki rufe shi. Ki sayi mai mai alamar, ki sa shi a inuwa. Amma ki riƙe cewa abin da ake ƙarawa ɗan kaɗan ne, kuma ba ya canza asalin abin da aka ƙara wa. Sukarin da aka sa wa bitamin yana nan a sukarinsa. Sitacin da aka sa wa bitamin yana nan a sitacinsa, ba zai gina tsoka ba, ba zai gina ƙwaƙwalwa ba.

Yanzu na zo kan maganar ƙaninki Nasiru, wadda saboda ita na ɗauki biro.

Yana da 'yan watanni, ya fara koyon zama, kamar dai yadda Safiyya take yanzu, sai zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da mahaifiyarku har aka ba ta gado a asibiti. Nono ya janye. Ciyar da yaro ya dawo hannuna, wata maƙwabciya na taya ni idan na tafi aiki. Na je kantin Alhaji Sabo, wani Bakano mai sayar da kayan shayi a bakin tashar Nyanya, na ce ya ba ni madarar jarirai. Ya sauko da gwangwanin, ya faɗi kuɗinsa, na shafa aljihuna. Ya gane, sai ya yi dariya.

"Haba Malam Ɗan Boko, kai da ka san karatu? Wannan suna kawai za ka biya. Ga wannan, duba nan, bitamin kala-kala. Ka dama masa kastad, ka zuba wannan farar a kai, kafin wata ya ƙare sai an tambaye ka ɗan wane minista ka ɗauko."

Na ce, "Alhaji, ka tabbata ta yara ce?"

Ya ce, "Ni na rubuta? Kai ne mai karatu, karanta mana."

Na karanta. Gaban na karanta. A jikin gwangwanin kastad ɗin akwai hoton wani yaro mai kumatu kamar an hura, a jikin ledar kuma kofi ne cike da abu fari, da kalmomin ƙarfi da kuzari da girma. Ban riƙe Alhaji Sabo a zuciya ba, Allah Ya ji ƙansa. Abin da ya ji ana faɗa shi ya faɗa, kuma gaskiyarsa, ni ne mai karatu.

Ina so ki san ban yi sakaci ba, domin a nan abin yake da ban tsoro. Nakan tafasa ruwa sosai. Nakan dafa cokali da kofi. Nakan auna garin in share bakin cokalin da wuƙa don kada ya ɗara ko ya gaza. Na koya wa maƙwabciyar nan awon har ta riƙa kirana Likita cikin zolaya. Yaro yana karɓa, abin da zaƙi, cikinsa ya cika, ya yi barci. Duk ƙa'idar da ƙasida ta shimfiɗa na cika ta, sai dai abin da nake aunawa da wannan tsanaki ba abinci ba ne.

Da aka sallamo mahaifiyarku, a rame, da ƙyar take tsayuwa, ta ce in bari ta dama masa kunun gyaɗa, ta murƙushe masa wake, ta ba shi gwaiduwar ƙwai. Na ce a'a, kunu na kawo gudawa. Ƙasidar da na dogara da ita ruwa marar tsafta ta ce yana kawo gudawa, ba kunu ba, amma ni haka na riƙe. Bayan ɗan lokaci ta sake samuna.

"Malam, yaron nan ba ya dariya. Ka dubi gashin kansa, ya yi ja, ya yi laushi kamar gemun masara."

Na ce, "Haske ne ke zuwa. Dangin mahaifiyata akwai Fulani."

"To ƙafar nan fa? Ni ba ta yi mini kama da ta lafiya ba."

"Ƙiba ce. Ke dai ba ki saba ganin yaron da ya ƙoshi ba."

Haka na faɗa wa uwar da ta haife shi. Kumatunsa suka cika, ƙafafunsa suka yi tiɓis, matan layi suna ɗaukarsa suna cewa ɗan lukuti. Na taɓa kara gwangwanin kusa da fuskarsa ina gwada kumatunsu, na ga nawa ya fi. Don murna, wata Asabar na sa masa farar riga da hula, na kai shi shagon mai hoto. Mai hoton ya yi ta kaɗa masa makullai, ya yi kukan kyanwa, ya yi rawa, Nasiru na kallonsa kawai ido a lumshe. Daga ƙarshe ya ce, "Oga, wannan yaronka babban mutum ne, ba ya dariya da talaka." Muka yi dariya ni da shi. Na sa aka faɗaɗa hoton, aka sa masa gilashi. Shi ne wanda ke rataye a falonmu har yau, sama da talabijin.

Mahaifiyarku ce ta kai shi asibiti ranar rigakafi, ta kuma roƙi a duba mata ƙafarsa, ba tare da ta gaya mini ba. Aka aiko ofis wai in zo. Na biya ta gida na ɗauki gwangwanin da ledar na sa a jaka, don in nuna musu cewa ni ba jahilin uba ba ne. Na tarar da wata nas, ba Bahaushiya ba, ta kwantar da shi a kan tebur. Ta ce, "Oga, zo ka gani." Ta ɗora babban yatsanta a kan ƙafarsa, ta danna, ta ɗan jira, ta ɗaga. Wurin ya lotsa. Na tsaya ina jiran ya ciko, bai ciko ba. Shatin yatsanta ya zauna a ƙafar ɗana kamar a jikin tuwo.

Ta ce, "Wannan ba ƙiba ba, ruwa ne. Yaro tana jin yunwa. Me kana ba shi?"

Na zaro kayana na miƙa mata. Ta juya ledar, ta kai yatsa can ƙasa kusa da inda aka liƙe bakinta, ta nuna mini wani layi da ƙananan haruffa. An rubuta cewa kada a ciyar da jarirai da shi. Yana nan tun ranar farko. Ledar nan ta ratsa hannuna sau ba adadi. Farin garin da nake kira madara, yawancinsa sukarin masara ne da kitsen itace. Nas ɗin ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Ba kai kaɗai ba, oga. Duba gado." Na duba. Yara ne a jere, wasu a kumbure kamar nawa, wasu fata da ƙashi. A ranar na fara jin kalmar tamowa a kan ɗana, ni da na sha karanta ta a sito ina tausayin mutanen ƙauye.

Aka riƙe shi. Da ruwan ya sauka sai ainihin yaron ya bayyana, ɗan mitsitsi, ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. A lokacin ne aka kai ki wajen gwaggonki a Zuba, aka ce miki ciwon shawara ne ya kama shi. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya rayu. Sauran kuma kin sani. Kin san bai yi tafiya da wuri ba, bai yi magana da wuri ba. Kin san yadda ya yi ta maimaita aji har malamai suka ce mu nema masa sana'a. Ga shi yau da gemu, tsawonsa bai kai kafaɗar sa'o'insa ba, yana sa maɓalli a shagon tela. Da shi na so in aiko miki da takardar nan, amma kin san ba ya iya shiga mota shi kaɗai.

Likita bai taɓa ce mini wannan ne kaɗai sanadi ba, ni kuma ba na son faɗin abin da ban tabbatar ba. Komai da ƙaddarar Allah. Amma watannin da ƙwaƙwalwar yaro take ginuwa, ni na san abin da na zuba masa a cikinsu, kuma watannin nan ba sa dawowa. Idan baƙo ya shigo falo, Nasiru yakan ja hannunsa ya nuna masa hoton, ya ce, "Ni ne nan, lokacin ina ƙato." Sai in tashi in ce zan yi alwala.

Kuskuren da ya biyo baya shi ne shirun da na yi. Na daina sayen kayan nan, na bar mahaifiyarku ta dawo da daddawarta da man gyaɗanta, amma ban taɓa tara ku na ce ga dalili ba. Na bar maganar ciwon shawarar nan ta zauna. Na bar hoton a bango, domin mahaifiyarku ta ce shi kaɗai ne hoton jarirantakarsa, ba za a sauke ba. Na ɗauka idan na gyara aiki, ba sai na gyara magana ba. Ashe maganar ce ta zauna a kanki. Mahaifiyarku ta gaya mini cewa da ta matsa miki a kan garin, hoton kika nuna mata, kika ce, "Ba da kastad aka goyi Nasiru ba? Dubi kumatunsa, Mama." Ba laifinki ba ne, Ummi. Abin da na rataye miki a bango kika karanta.

Don haka ki dubi yarinyar, ba abin da ke jikin gwangwani ba. Kumatu ba shaida ba ne. Ki duba ko tana dariya, ko tana miƙa hannu ta ƙwace abu, ko tana jin haushi idan an karɓe. Ki duba gashinta. Idan wata tsohuwa ta ce miki wani abu a jikinta bai yi mata ba, kada ki amsa mata da Turanci. Kada ki yaye ta saboda aiki; ki ba ta nono kafin ki fita, ki ba ta da kin dawo. Abaji garin noma ne, akwai wake, akwai gyaɗa, akwai kifi, akwai ganye, akwai ƙwai. Abin baƙin ciki ne a ce an ɗauki sitaci a katan an kai wa yarinya garin da abinci ke fitowa daga ƙasa.

Bayan tafiyarku na shiga kasuwa na sayi gwangwani ɗaya da leda ɗaya irin waɗanda na ɗaga miki, don kada in zalunci kayan da ban bincika ba. Na ce ko zamani ya gyara su. Na sa tabarau na zauna a tsakar gida. Suna ya canza, launi ya ƙara kyau, jerin bitamin da ke gaba ya ƙara tsawo. Na juya. Sitacin masara ne a farko. A ledar kuma layin nan na nan inda na san shi, kusa da liƙin, da ƙananan haruffansa. Masu kayan ba su ɓoye ba, ba su kuma yi ƙarya ba. Sun dai san inda idon mai saye yake tsayawa. Babban mutum ya sha a shayi, ba abin da zai same shi. Jaririyar da wannan ne abincinta daga safe zuwa azahar, ita ce abin ji.

Ba zan ɓoye miki ba, ba ni da ƙarfin gwiwar cewa takardar nan za ta yi tasiri. Su masu sayar da kayan nan suna da rediyo, suna da allunan bakin titi tun daga Zuba har cikin gari, suna cikin wayar da ke hannunki, da mata masu fara'a da yara masu sheƙi. Ni tsohon ma'aikacin sito ne da ya yi ritaya, kuma ni ne mutumin da ya koya miki akasin abin da yake faɗa yanzu. Na shafe ƙuruciyarki ina dasa miki wannan yarda, ga shi ina so in tumɓuke ta da 'yan shafuka. Na kuma san Malam Bashir ne ya sayo katan ɗin, da kyakkyawar niyya, kamar yadda ni ma na sayo nawa. Surukina ne, ba zan iya tsayawa gabansa in ce abin da ya kawo wa 'yarsa ba abinci ba ne. Ke za ki iya, cikin ladabi. Idan kin ga dama ki ba shi takardar nan ya karanta. Mutuncina bai kai ƙafar Safiyya daraja ba.

Wani lokaci ina zaune sai in ga kamar an riga an gama, kamar abin da na shuka a Nyanya ne ya bi ku a mota har Abaji, ni kuma na taya shi hawa. Sai in yi istigfari, domin yanke ƙauna ba halin musulmi ba ne. Amma ina gaya miki yadda zuciyata take.

Ga ƙullin garin nan na haɗo da takardar, ta hannun direban da ya kai ku. Tunda ni na koya miki kada ki yarda da abin da ba a rubuta a jikinsa ba, na samo farar takarda na liƙa masa. Na zauna da biro, mahaifiyarku na faɗa ina rubutawa, daga mai yawa zuwa mai kaɗan, yadda doka ta ce: gero, waken suya, gyaɗa, busasshen kifi. Na sa ranar da aka soya, na sa ranar da aka kai inji. Da na gama na karanta mata, sai ta ce, "Saura abu ɗaya, Malam. Ka rubuta hannun da ya tankaɗe, tunda da cewa kake ba a san hannu ba." Na rubuta: hannun mahaifiyarki. Ta juya baya tana gyara ɗankwali, ta daɗe tana gyarawa. Babu hoto a gabansa, babu alkawarin komai. Ko shi ma ban ce ki yarda da shi don na faɗa ba. Ki kai shi asibiti a gani. Ki dama shi da kauri, ba tsululu ba, ki ɗiga ɗan mai.

Mahaifiyarku na gaishe ki. Nasiru na gaishe ki, ya ce a gaya wa Safiyya ya ajiye mata jan maɓalli. Ki gaishe mini da Malam Bashir da kyau, ki shafa mini kan amaryata. Allah Ya tsare ku da tsarewarSa, Ya raya Safiyya cikin ƙoshin lafiya da cikakken hankali, Ya sa ta fi iyayenta, Ya hana ki ganin abin da na gani. Allah Ya yi miki albarka.

A ƙarshe ina roƙon abu huɗu, kuma ina so amsar ta zo a rubuce da hannunki, ki ba wannan direban idan zai dawo:

1. Ki sanar da ni ko garin ya iso, da kuma ko an kwance ƙullin.

2. Ki juya gwangwani ɗaya da leda ɗaya daga cikin katan ɗin, ki kwafo mini abubuwa uku na farko da aka jera, da layin da ke kusa da liƙin ledar. Na san abin da ke wurin. So nake ya bi ta idonki da hannunki.

3. Kafin ki fara aiki, ki kai Safiyya awo a asibitin da ya fi kusa da ku, ki nuna musu kayan katan ɗin da garin mahaifiyarku, ki rubuto mini abin da suka ce, ki kuma maimaita shi a gaban matar da za ta riƙe ta.

4. Ki kwantar da ita da rana, inda haske yake, ki ɗora babban yatsanki a kan kowace ƙafa, ki danna a hankali, ki ɗan jira, ki ɗaga. Ki rubuto mini ko wurin ya ciko. Ki riƙa yin haka lokaci zuwa lokaci har ta yi wayo. Don Allah kada ki turo mini hotonta a waya a madadin amsa. Ina da hoto a bango.

Ina jira.

Wassalam.

Mahaifinki.